Ranar da Furofesa Ya Liƙa Makarantar Surukinsa

Furofesa bai taɓa koyarwa a ko'ina ba. A bakin layi ya samo sunan, wurin masu zaman benci, saboda ba a taɓa kawo zancen da ya ce bai sani ba. In ana hirar ciwon haƙori yana da bayani, in ana ta tsadar taya yana da bayani, kuma duk bayaninsa da "a kimiyyance" yake farawa. Aiki mafi tsawo da ya taɓa riƙewa na wata maɗaba'a ne, inda ya yi mako bakwai. Ya fito da ilimin da ya ce wasu sai su shekara ashirin ba su samu ba, da kuma kwali guda na gwangwanayen gam ɗin feshi, wanda mai maɗaba'ar ya ba shi ranar sallama bisa sharaɗin kada ya dawo ko da gaisuwa.

Da wannan kwalin ya yanke shawarar kawo ƙarshen zamanin ƙusa a duniya.

A yi masa adalci, gam ɗin abin mamaki ne, kuma abin da Furofesa ke faɗa a kansa gaskiya ne, har zuwa inda ya tsaya. Gam ɗin da kowa ya sani ruwa ne. Ka shafa shi, ya shige kowane ɗan rami na abin da ka liƙa, ya bushe ya ƙame, daga nan in za ka raba su sai da ɓarna. Wannan kuwa ba ya ƙamewa. In ka fesa shi a bayan takarda, abin da ke sauka wasu ƙananan ƙwallaye ne masu taushi, kamar ƙwan kifi amma ido ba ya ganinsu, a warwatse, nan ɗaya can ɗaya. In ka danna takardar a bango, kawunan ƙwallayen ne kaɗai ke taɓa shi, su ɗan baje su riƙe. Ba ya son ruwa ko wuta, dannawa kawai yake so. In ka ja, sai su saki ɗaya bayan ɗaya su bi takardarsu, bango ya zauna fes. A maɗaba'a da shi ake jera hotuna da rubutu a kan kwali, a matsar, a sake matsarwa, har tsari ya yi daidai. Danginsa ne ke bayan 'yan takardun nan masu launi da ma'aikatan ofis ke mannawa a jikin kwamfuta, da tef ɗin masu fenti, da ledar da ke zuwa a fuskar sabuwar waya.

Duk wannan yana rubuce a gaban gwangwanin da manyan haruffa, Furofesa ya haddace shi tsaf. A bayan gwangwanin akwai wani rubutun da ƙananan haruffa, shi kuwa ya ce an yi shi ne don masu ƙaramar fahimta.

Wata uku kwalin na ƙarƙashin gado yana jiran babban aiki, sai ga aikin ya zo har gida. Surukinsa, wanda kowa ke kira Baba Direba, ya ajiye tuƙin babbar motar fasinja bayan shekara talatin da huɗu ba tare da ya taka ko kaza ba. Zaman gida ya gagare shi. Ya kama hayar ɗaki biyu da ɗan fili a ƙasan wani sabon gini, tsakanin shagon Kafinta da rumfar Mai Faci, ya sayi wata ƙaramar mota ta hannu, ya ce zai buɗe makarantar koyon tuƙi. Mutum goma sha biyu har sun ba da sunayensu wurin 'yarsa, matar Furofesa, wadda ita ke riƙe da teburin rajista. Abu ɗaya ya rage: ranar Alhamis jami'ar hukuma za ta zo duba wurin. In ta gamsu a ba da lasisi, in ba ta gamsu ba sai bayan wata shida, kuma babu ɗalibin da zai jira tsoho wata shida alhali akwai wata makarantar a ƙetaren titi. Takardar hukuma ta ce dole a ga alamomin hanya a bango kowace da sunanta, da allo, da agogo, da tukunyar kashe gobara, da alamar ɗan koyo a gaba da bayan mota.

Matsalar ita ce Mai Gini. Mutum ne da in ya zo wucewa yakan shafa bangonsa kamar mai lallashin jariri, kuma ya sa an rubuta a yarjejeniya cewa ƙusa ɗaya ta shiga bangon nan, haya ta ƙare.

Ranar Lahadi da yamma aka zauna shawara a filin. Kafinta ya ce abu mai sauƙi ne, zai yi wa allo da alamomin firam na katako masu ƙafa, su tsaya da kansu ba ruwansu da bango, kuma ya yi alkawarin gamawa ranar Laraba. Baba Direba har ya buɗe baki zai amince, sai aka ji dariya daga bakin ƙofa. Furofesa ne, da kwalinsa a kafaɗa.

"Mutane sun je duniyar wata sun dawo," in ji shi, "kai kana nan kana neman ƙafar da za ka yi wa allo."

Kafinta ya dube shi sama da ƙasa ya ce shi dai a iya saninsa allonsa bai taɓa faɗo wa kowa a ka ba. Furofesa ya ce ai shi ya sa har yau sunansa Kafinta. Ya ajiye kwalin, ya yi bayanin ƙwallaye na rabin awa har da zane a ƙasa, ya rufe da cewa yini ɗaya ya ishe shi, kuma in aka ga tabo ko na ƙwayar gero a bango a daina kiransa Furofesa. Mai Faci ya ce wannan ba asara ba ce, ya kawo wata rantsuwar.

Baba Direba mutum ne mai kunya, bai taɓa musu da mijin 'yarsa a gaban jama'a ba. Ya dubi 'yar tasa, ita kuma ta ga lokacin duba sama ya yi. Tsohon ya gyara hularsa ya ce, "To, ɗana, Allah ya taimaka."

Litinin ranar Furofesa ce, kuma ita ta jawo duk abin da ya biyo baya. Alamomin hanya talatin, a kan takarda mai ɗan kauri, ya fesa wa kowace, ya danna, ta zauna daram. Ya ɓare ɗaya ya matsar da ita, ta sake zama. Har wata dabara ya kawo wadda ko maƙiyinsa zai yaba: ya yanka sunayen alamomin daban, kowane a 'yar doguwar takardarsa, don malami ya riƙa cirewa yana ba ɗalibi ya mayar a inda ya dace. Baba Direba ya gyaɗa kai ya nuna masa gurbin kowane suna. Mai Gini ya iso da gudu da ya ji ana liƙa abu a bangonsa, Furofesa ya ɓare alama a gabansa. Mai Gini ya shafa wurin, ya shinshina, ya haska fitilar waya, bai ga komai ba. Ya ce lalle boko ya yi rana.

Wannan kalmar ta shige kan Furofesa ta ƙi fita. Kafin azahar ya liƙa agogon bango. Ya liƙa farin allo, gwangwani ɗaya da rabi. Ya liƙa labule ba sanda, ya liƙa kalanda, ya liƙa hoton Baba Direba a gaban tsohuwar motarsa. Ya fita ya tsaya a ƙofar Kafinta ya ba shi shawara, tsakani da Allah, ya fara neman wata sana'ar tun da sauran ƙarfinsa.

Suna cikin cin abincin rana agogon ya faɗo. Furofesa ya ce ba laifin gam ba ne, dannawa ce ba ta isa ba, ai sunansa ma gam mai son danni. Ya kira Mai Faci, ƙato ne mai faɗin ƙirji, ya sa shi ya jingina kafaɗa da agogon na minti goma. Gilashin agogon ya tsage, amma ya zauna. Tukunyar kashe gobara ce ta fi taurin kai. Sau uku yana liƙa ta tana biyo shi ƙasa. Daga ƙarshe ya ɗora gindinta a bakin taga, wanda bai kai faɗinta ba, ya fesa wa bayanta gam ya jingina ta da bango, taga ta ɗauki nauyi gam ya ɗauki suna. Yana cikin haka Mai Faci ya tambayi yadda abin ke aiki, Furofesa ya zare ɗan ƙarfen da ke kulle hannun tukunyar don ya yi bayani a kimiyyance, ya gama, ya jefa ƙarfen a aljihu.

Ranar Talata aka fara lura da ɗakin kansa. Feshi dai feshi ne, rabi ya sauka inda ka nufa, rabi ya bi iska ya sauka inda ya ga dama. Duk wanda ya taka ƙasa takalminsa sai ya yi ƙara kamar ana ɓare filasta. Matar Furofesa ta ajiye fom ɗin rajista a tebur, ta ɗaga hannu, fom uku suka biyo gwiwar hannunta. Mai Faci ya zauna a kujerar ɗalibai ya tashi da matashinta. Kyanwar Kafinta ta shigo leƙe ta fita da takarda a ƙafa uku, tana tafiya tana yarfewa, masu zaman benci suka ce ita ce ɗaliba ta farko da ta karɓi takardar shaida.

Shi kuwa Furofesa hannunsa ya ƙi zama. Tunda ana iya matsar da alamomin, sai ya ga zunubi ne a bar su wuri ɗaya. Ya jera su bisa launi. Ya ɓare ya jera su bisa siffa. Ya ɓare ya yi da'ira da su. Taga a buɗe, injin Kafinta na gurzar katako a maƙwabta, dusar katako na shigowa a hankali. Duk ɓarewa ɗaya sai ƙwallayen su kwashi ƙura, kuma ƙwallon da ya riƙe ƙura ya gama aikinsa, ba shi da sauran hannun riƙe bango. Zuwa la'asar alamomin sun fara sauka ɗaya-ɗaya kamar busasshen ganye.

Furofesa ya tafi shagon Kafinta ya zarge shi da zagon ƙasa. Kafinta ya kashe injinsa, ya kakkaɓe gemu, ya ce shekara goma sha tara yana wannan sana'a bai san ƙurarsa na da wayon zaɓar taga ba. Ya ƙara da cewa in ana so zai yi mata magana.

Maganin da Furofesa ya samo shi ne ya riƙa fesa wa bangon kansa, ba bayan takarda kaɗai ba, don ƙarfi ya ninka.

Da yammar ya liƙa alamar ɗan koyo, jan harafin nan a kan farar leda, gaba da bayan motar makaranta, Baba Direba ya fita gwaji da ita. Ko ƙofar fili ba su gama fita ba iska ta ɗauke ta baya, ta yi juyi biyu, ta sauka a gilashin bayan motar Mai Gini da ke ajiye a bakin titi. Ba wanda ya gani sai Mai Faci, shi kuma ya ga ba a tambaye shi ba. Washegari Mai Gini, mai shekara ashirin da biyar yana tuƙi, ya yini a gari yana mamakin abin da ya sami mutane. Masu babur na danna masa oda suna zagaye shi da nisa. A wurin danja wani dattijo ya sauke gilashi ya ba shi haƙuri, ya ce kowa da haka ya fara, ya riƙa sakin kuloci a hankali. Wani jami'in hanya ya tsayar da shi ya tambaye shi ina malaminsa.

Ya dawo yana huci, jijiyar wuyansa a tashe. Furofesa ya saurare shi har ƙarshe, ya zagaya bayan motar, ya kama gefen alamar da yatsa biyu ya ɓare a hankali, ya nuna gilashin.

"Kun gani, ranka ya daɗe? Ko tabo babu."

Sai da Mai Faci ya shiga tsakani.

A wannan Larabar ce matar Furofesa ta ɗauki gwangwani ta juya bayansa. Ta karanta masa a gaban tebur, da muryar da take karanta wa yara sakamakon jarrabawa: na takarda ne da abubuwa marasa nauyi, a wuri mai santsi da tsafta, a kiyaye shi daga ƙura da zafi, a jira minti ɗaya bayan feshi kafin a danna. Ta tambaye shi a cikin waɗannan wanne ya kiyaye. Ya ce kamfanoni na rubuta irin wannan ne don tsoron ƙara a kotu, kuma lissafi ne mai sauƙi, in ƙwallo dubu sun riƙe takarda, ƙwallo miliyan za su riƙe allo.

"Baban yara," ta ce, "allon nan jiya yana daidai goshina. Yau yana daidai hancina."

Ya ce takalminta ne ya canza. Ta duba ƙafarta, takalmin jiya ne. Sai ta zagaya wurin Kafinta a ɓoye. Kafinta ya ce ko yana so yini ɗaya ba zai isa ba, kuma shi yanzu yana can yana neman wata sana'a kamar yadda aka ba shi shawara.

Alhamis da safe Furofesa ya riga kowa zuwa ɗakin, ya buɗe ƙofa ya tarar da bango tsirara. Alamomi talatin da sunaye talatin duk suna ƙasa, sun haɗu sun cakuɗe. A bangon kuwa, duk inda ya fesa, dusar katako ta zana murabba'i mai ruwan ƙasa. Baba Direba na fili yana wanke mota, matarsa ta tafi sake buga fom ɗin da suka manne wa juna. Saura awa ɗaya. Ya buɗe gwangwanaye biyu na ƙarshe, ɗaya a kowane hannu, ya yi wa takardun wanka, ya danna su a jiƙe ba jiran minti ɗaya, ya rufe kowane tabo da alama. Ya tura allo sama ya ƙara masa feshi. Sai sunaye. A nan ne ya tuna abin da bai taɓa faɗa wa masu zaman benci ba: shi ko keke bai iya ba, kuma bai taɓa duban alamar hanya da niyyar fahimta ba. Amma ya ce ai abu ne na hankali, ya raba sunayen yadda hankalinsa ya ba shi.

Ƙarfe goma jami'ar ta iso, mace mai ƙarancin magana da yawan rubutu, da tabarau a ƙarshen hanci. Ɗalibai goma sha biyu sun cika kujeru. Mai Gini ya zo gadin bangonsa, Kafinta da Mai Faci da masu zaman benci sun cika tagogi. Jami'ar ta taka ɗakin, ta tsaya, ta ɗaga ƙafa ta dubi ƙasan takalminta, ta rubuta wani abu. Sannan ta nufi bango ta fara karantawa.

A ƙarƙashin hoton yara biyu riƙe da hannun juna an rubuta "Dabbobi na ƙetare hanya". A ƙarƙashin saniya, "Makaranta a gaba". A ƙarƙashin alamar asibiti, "Hanya ta ƙare". Ta daɗe a kan wannan. Baba Direba, wanda sai yanzu ya sa tabaransa ya ga bangon, ya nemi kujera da hannu bai samu ba.

Ta tambayi wa ya jera su. Furofesa ya fito da ƙirji, ya ce shi ne, kuma da gangan aka cakuɗa, sabon salon koyarwa ne da ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, ɗalibi ne zai gyara. Ta ce salon ya burge ta.

"Bismillah, gyara mini su in gani."

Ya ce shi ai ba ɗalibi ba ne. Ta ce shi ya sa zai fi sauri. Ya ɓare "Hanya ta ƙare" ya yi ta yawo da ita a gaban bango kamar baƙon da ke neman gida, ya manna ta ƙarƙashin alamar gidan mai. Daga taga Mai Faci ya ce wannan kam akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Takardar ta yi shiru na ɗan lokaci, ta saki, ta sauka a kan takalminsa. Jami'ar ta rubuta wani abu mai tsawo, ta ce malam ya yi mata darasin gwaji.

Baba Direba ya ɗauki alƙalamin allo, ya zana shataletale da hanyoyi huɗu. Ya yi bayanin wa ke da hanya, da inda ake duba madubi, da dalilin da ya sa mai gaggawa ya fi kowa daɗewa a shataletale. Ɗalibai suka nutsu. Allon kuma ya fara sauka. Ba faɗuwa ya yi ba, zamewa yake a hankali kamar tsohon da ke neman zama. Baba Direba ya gani, amma mutumin da birki ya taɓa tsinke masa a gangare da fasinja hamsin ba allo ne zai firgita shi ba. Ya ɗan sunkuya ya ci gaba da zane. Allo ya ƙara sauka, ya ranƙwafa. Ya ƙara, ya tsuguna. Yana bayanin hanya ta uku gwiwarsa ɗaya a ƙasa, ɗalibai sun miƙe tsaye suna leƙe, Furofesa na gefe yana gaya wa Mai Gini cewa allo ne mai daidaita kansa da tsayin ɗalibi.

Ɗakin ya yi zafi, ga mutane ga warin gam. Mai Faci, da zuciya ɗaya, ya miƙa hannu ta taga ya kunna fanka.

Alamomi talatin suka tashi lokaci ɗaya. Saniya ta sauka a ƙirjin Mai Gini, "Ba a tsayawa" ta manne a bayan wata ɗaliba da ke neman ƙofa, labule ya rufe mutum uku, agogo ya sake faɗowa. Allo ya kai ƙasa, ya kife gefe, kusurwarsa ta daki gindin tukunyar da ke bakin taga. Ta yi tangaɗi, ta faɗo a kan hannunta, hannun da ɗan ƙarfensa ke aljihun Furofesa tun Litinin. Farar hoda ta cika ɗakin. Kuma tunda babu abin da ba shi da ɗanko a ɗakin nan, daga bango har girar mutane, hodar ba ta sauka ƙasa ba, inda ta taɓa nan ta zauna. A karon farko cikin kwana huɗu gam ɗin ya sami abin da ya dace da ƙarfinsa.

Aka fito fili ana tari, kowa fari fat, titi ya tsaya kallo. Mai Gini ya leƙa ya ga bangonsa, murabba'i talatin masu ruwan ƙasa a cikin farar hoda, ya ɗora hannu a ka. Furofesa ya fara cewa a kimiyyance, matarsa ta dube shi, ya haɗiye sauran. Kafinta ya tambaye shi cikin ladabi da wane suna yake so a riƙa kiransa daga yau.

Baba Direba na tsaye a gefen motarsa da alƙalamin allo a hannu. Jami'ar ta goge tabaranta da gefen mayafi. Ta ɓare wata alama da ta manne a kafaɗarta, ta kakkaɓe, ta ɗaga masa.

"Malam, wannan fa?"

Ya ce gangare ne mai tsanani, a sauke giya tun daga sama, kada a dogara da birki, ya faɗi abin da ya sami wani abokin aikinsa da ya dogara da shi. Ta ɓare wata daga bayan ɗalibar nan. Ya faɗa. Ɗalibai suka shiga tsinto mata sauran daga ƙasa da jikin juna, tana ɗagawa yana amsawa, har talatin, bai yi tuntuɓe a ɗaya ba. Ta shiga motar ta ce ya zagaya da ita, suka yi minti goma suka dawo.

Ta ce malami ya ci, ɗaki ya faɗi, kuma bisa ƙa'ida wata shida ne. Ta rufe littafinta ta daɗe tana duban tsohon, hoda har cikin kunnensa. Sannan ta ce Alhamis ta sama da mai zuwa tana da aiki a wannan layin, in ta ga ƙofa a buɗe za ta leƙo, sau ɗaya.

Kwana tara Furofesa ya yi yana goge bango da tsumma da kananzir, Mai Gini na zaune a kujera a bayansa yana nuna masa inda ya tsallake. Kafinta ya kawo firam ɗinsa masu ƙafa, kuma duk wanda ya ajiye yakan girgiza shi da ƙarfi yana kallon Furofesa. A rana ta goma Furofesa ya farfaɗo, har ya fara zagaya firam ɗin yana cewa in aka sa musu tayoyi da maganaɗisu za su fi haka.

Da yammar Baba Direba ya kira shi gefe. Ya gode masa bisa wahalar da ya sha, ya ce akwai wani aiki mai nauyi da ba zai iya ba kowa ba sai na jiki: wata ƙanwarsa da ke can wani gari mai nisan yini guda ta daɗe ba a gaishe ta ba, yana so ɗansa ya je a madadinsa ranar Laraba, ya kwana uku, kada ya yi gaggawar dawowa. Furofesa ya fito ya shaida wa masu zaman benci cewa an naɗa shi wakilin iyali.

Ranar Laraba Baba Direba da kansa ya kai shi tasha, ya ɗaukar masa jaka, ya sama masa kujerar gaba. Direban motar tsohon abokin aikinsa ne. Baba Direba ya ja shi gefe ya roƙe shi alfarma ɗaya: ko fasinjan gaba ya ce ya yi mantuwa, ko ya ce wata dabara ta faɗo masa, kada ya tsaya. Sannan ya koma inuwa ya harɗe hannu a baya, bai bar tashar ba sai da ya ga motar ta sha kwana.